Jan da Kuka Shafa wa Gonar Gidanmu

Zuwa ga Mai girma Darakta,
Shugaban ofishin da ya turo masu auna ƙasa zuwa ƙauyukanmu na kudancin Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Ina kuma gaida kwamfutarku, tunda an shaida mini ita ce ainihin mai yanke hukunci a ofishin, ku kuna sa hannu ne kawai.

Sunana Garba, ana ce mini Garba Tela. Ina ɗinki a bakin kasuwar ƙauyenmu, a ƙasar Tudun Wada ta wajen hanyar Doguwa, da damina kuma ina noman gonar gidanmu. Ba ka san ni ba, duk da sau huɗu na zo ofishinka. Bencin ƙofarka ne ya san ni. Amma ka san gonarmu, ko da ba ka taɓa taka ta ba. Buɗe babbar taswirar nan da kuka buga mai launi-launi, ka gangara kudu, za ka ga wani jan tabo kamar an ɓarar da manja a kan sabuwar shadda. To, wannan jan mu ne.

Gonar ta gandu ce. Tun da mahaifinmu ya rasu ba mu raba ta ba, ni da ƙannena muna nomawa tare, rumbu ɗaya, mahaifiyarmu tana tsakiyarmu. Yau ƙannena sun tsaya kai da fata sai an raba gado an sayar wa wani Alhaji mai haƙar ma'adinai, saboda taswirarku ta ce musu akwai dalma a ƙarƙashi. Mai gari ya ba ni wa'adi: in ban kawo takarda daga ofishinku mai cewa kuskure ne ba kafin ruwan shuka, zai miƙa mu wurin alƙali a raba. Na rubuto maka a asirce ban sami amsa ba, shi ya sa na fito fili. Ga yadda abin ya faru.

Na ɗaya, yadda aka ɗebi ƙasar.

Da ranin bara ma'aikatanka uku suka zo a mota, da hulunan kwano da jakunkunan leda da wani ƙarfe mai murɗawa na haƙa rami. Mai gari ya sa aka yi shela cewa baƙin gwamnati ne, za su ɗebi ƙasa su auna, kowa ya ba su haɗin kai. Ba wanda ya ce mana abin da ake nema. Mu a nan, in gwamnati ta zo ta dubi ƙasar gona, magana ɗaya ce a ranmu: rabon takin zamani, ko bashin noma ga gonar da ta ci jarrabawa.

Wajen azahar suka iso gonarmu, domin wata ƙaramar na'ura a hannun shugabansu ta ce nan ne wurin. Ranka ya daɗe, ka taɓa haƙa ƙasar tudu a tsakiyar rani? Bawan Allah ya kafa ƙarfen nan ya murɗa, ya murɗa, ya hau kai da ƙafa, gumi yana ɗiga daga hular kwano, ƙasa ta ce ba ta san zancen ba. Wai kamu guda aka ce su haƙa. Ko yatsa biyu bai shiga ba.

A nan laifina yake, kuma ba zan ɓoye ba. A tarbiyyarmu, baƙo ba ya wahala a gonarka kana tsaye kana kallo. Kuma in baƙo ya roƙi abu, ba ka ba shi na banza, mai kyau kake zaɓa. Ina kallon tsakuwa da jan marmara da yake ta karta, na ce a raina in wannan aka kai birni da sunan gonar mahaifina, ai an tozarta shi a kabari. Sai na ce su zauna a gindin ɗorawa, na aika gida aka kawo fura, na karɓi ledar da hannuna.

Ka san da rani mukan zuba taki tsibi-tsibi a gona, yana jiran a baza shi in damina ta ƙarato. A shekarar, bayan takin awaki, na sa tifa ta kawo mini takin juji daga birni, baƙi ƙirin, mai laushi kamar gari. Daga baya direban ya gaya mini a bayan garejin makanikai ya kwaso shi, inda ake farfasa tsofaffin batiran mota, waɗanda ashe cike suke da dalma. Ni dai na ga ɓaraguzan baƙar roba a ciki, na tsince na zubar. Daga tsibin da ya fi kowanne kyau na cika musu leda. Kai, har rariya na sa aka kawo daga gida na tankaɗe, don kada a ga tsumma ko leda a ce mu ƙazamai ne.

Shugaban nasu yana kallona daga inuwa da ludayi a hannu. Bai ce mini a'a ba. Ya karɓa, ya jinjina, ya ce duk yinin ranar bai sami samfuri mai kyau irin wannan ba. Ya rubuta lamba a jiki, ya danna na'urarsa, ya ce Allah ya saka da alheri. Wallahi ranar da alfahari na koma gida.

Ni tela ne, ban yi karatun ƙasa ba. Shi ya yi. Tsakanin wanda ya ba da taki bisa jahilci da wanda ya karɓi taki da digiri, ka zaɓa mana wanda ya fi cancantar zama a bencin ƙofarka.

Na biyu, yadda leda ɗaya ta zama rabin ƙauye.

Malam Sani, mai koyar da kimiyya a sakandaren da ke kusa da mu, shi ya zauna ya warware mini taswirar. Ya nuna mini wasu ƙananan ɗigo baƙaƙe, ya ce kowane ɗigo leda ɗaya ce. Tsakanin ɗigonmu da na gaba, tafiya ce wadda in ka yi ta a ƙasa sai ka nemi ruwa. Na ce to wuraren da ke tsakani fa, wa ya auna su? Ya ce ba wanda ya auna, kwamfuta ce take ƙiyastawa ta shafa launi.

Ashe haka ake ilimi. Daga leda ɗaya ta takin juji, kwamfutarku ta shafa ja a gonarmu kaf, ta tsallaka ta cinye rabin gonar maƙwabcina, ta bi ta kan hanya, ta shiga maƙabarta, ba ta tsaya ba sai bakin rafi. Ga ruwan goro ya kewaye jan, ga ɗorawa ta kewaye ruwan goro, gwanin sha'awa, in atamfa ce da ta yi kasuwa. Ni da nake ɗinki, ko yaron da ya kwana biyu a kan keke ya san ba a auna wuyan mutum ɗaya a yanka wa unguwa riguna. In na yi haka, kafin la'asar an kore ni daga kasuwa. Ku kuka yi, aka buga muku a takarda mai sheƙi da hatimi.

Malam Sani ya ƙara mini da wani abin da ya hana ni cin tuwo. Wai ja ba ya nufin tabbas akwai dukiya, ba ya nufin tabbas akwai guba. Wurin da lambarsa ta fi ta sauran kawai ake ba wa ja. Wato dole dai wani ya zama ja, kuma wani ne a ofishinka ya zauna ya zaɓi launin. Da shuɗi ya zaɓa, da yau ina gyaran garma. A ƙasar da kowa ya san ana tonon kuza a duwatsun kudu da mu tun kakanni, ka ɗauki ja ka ɗora a gonar talaka ka rubuta dalma, me kake zato mutane za su karanta?

Akwai kuma wani rubutu a can ƙasan takardar, da Turanci, ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Sai da Malam Sani ya sa tabarau ya matso da ita hancinsa. Wai sakamakon na farko ne, ba a dogara da shi sai an koma an sake ɗiba. Madalla. Jan ya kai faɗin tafin hannu, gargaɗin kuwa sai da tabarau.

Na uku, ranar majigi.

Bayan watanni kuka kira taro a zauren ƙaramar hukuma don ku nuna sakamako. Aka gayyaci masu gari da 'yan kasuwa da mu da aka taɓa gonakinmu. Na sa babbar riga, don har ranar ina zaton za a kira sunana a rabon taki. Aka ja labule, aka haska taswira a bango. Wani jami'inka ya riƙe sanda yana ta Turanci, yana ambaton wani abu wai fi-fi-em, har yau ban san ko mudu ne ko tiya ba. Tafinta ya gaji, ya taƙaita mana: kore babu komai, ɗorawa da ɗan dama, ja kuwa abin ya yi yawa. Da sandar ta sauka a kan jan, aka ambaci sunan ƙauyenmu da dalma, sai na ga wayoyi sun tashi sama kamar ana ɗaurin aure.

Na ɗaga hannu, Allah ya sani na ɗaga. Aka ce lokaci ya ƙure, manyan baƙi za su koma birni, aka raba lemo. Kafin in hau babur in isa gida, hoton ya riga ni. Ba hoton taswirar duka ba, jan kawai, an yanke gargaɗin nan na ƙasa, wani gwani ma ya zagaye gonarmu da alƙalami.

Na huɗu, abin da jan ya haifa.

Cikin mako guda na zama mai arziki a bakin mutane. Wanda bai taɓa gaishe ni ba ya fara ce mini Alhaji. Mai shayi ya ce in daina ɓoye-ɓoye. 'Yan haƙo suka fara zuwa da diga da shebur, wasu daga nesa, in na kore su ta gabas su ɓullo ta yamma. Yanzu akwai ramuka tara a gonar, ɗaya ya fi tsayina, har da wanda saniyar wani Bafulatani ta faɗa sai da aka ciro ta da igiya. Ba su sami ko ƙwayar dalma ba. Amma wannan bai karya musu gwiwa ba, cewa suke ba a kai zurfin ba ne, ai gwamnati ba za ta shafa ja a banza ba.

A kasuwar hatsi kuma labarin ya juye. Can dalma guba ce. Dillalin da ya shekara goma yana ɗaukar masararmu ya ce in yi haƙuri bana, mutane suna tambaya ko ta jar gonar nan ce. Ka ga ikon Allah: a unguwa ni attajiri ne, a kasuwa ni mai sayar da guba ne, duk a kan leda ɗaya.

Wannan duk da sauƙi. Abin da ya kawo ni gabanka shi ne gidanmu. Alhajin nan mai ma'adinai ya zo da mota har ƙofar gida, ya zauna da ƙannena ba na nan. Lawan, wanda yake bi na, shi ne kan gaba. Yaro ne mai hankali, yana da iyali da yawa, kuma ba na ganin laifinsa da ya ji kwaɗayi. Na tara su na faɗa musu gaskiya tiryan-tiryan, da tifar juji da rariya da fura. Sai suka dubi juna. A gaban mai gari na maimaita, na ce a kawo Alƙur'ani in dafa. Lawan ya sunkuyar da kai ya ce:

"Yaya, ba na ce kana ƙarya ba. Amma takardarsu da hatimi, taka maganar kuwa ba ta da shi."

Ranka ya daɗe, shekarata hamsin da wani abu, ba a taɓa auna maganata da tambarin roba ta yi rashin nauyi ba sai ranar. Na ji zafin wannan fiye da ramukan. Yanzu a gari ana cewa na ƙirƙiro labarin taki ne don in kore ƙannena in cinye dalma ni kaɗai. Ni da ko kuɗin cike ramukan ban da shi.

Kuma ka san abin da zai faru in an sayar. Alhaji zai kawo injin ya tone gonar har ya gaji, ba zai sami komai ba, ya kwashe kayansa ya tafi wani jan. Kuɗin da ƙannena za su karɓa ba zai ga damina biyu ba. Rabona ni zai zama ɗan siririn fili a tsakiyar kwazazzabai. Ƙasar da ta ciyar da gidanmu tun kakanmu ta tafi kenan, ba a kan fari ba, ba a kan bashi ba, a kan launin da wani ya ga ya yi masa kyau a kwamfuta.

Na biyar, zuwana ofishinka.

Zuwan farko aka ce ka tafi taro. Na biyu aka ce in rubuto, na rubuto. Na uku aka ce takardata tana kan teburin wani wanda ya tafi kwas. A na huɗu Allah ya haɗa ni da shugaban masu ɗibar nan a kan matakala. Ya gane ni sarai, har ya tambayi mutanen gida. Da na tuna masa tsibin taki sai fuskarsa ta canja, ya ce shi ledoji ɗaruruwa ya ɗiba, ba zai tuna kowacce ba. Furar dai ya tuna, don ya ce ba a yin irinta a birni.

Wani matashin jami'i ya tausaya mini ya buɗe kwamfuta, ya nuna mini lambar ledarmu, ya ce ɗakin gwaji ba ya ƙarya, dalma tana ciki. Na ce ai ban ce babu dalma a ledar ba, ni na zuba ta. Cewa nake ledar ba gonar ba ce. Ya ce wannan kuma sai an kafa kwamiti, kuma an riga an buga taswira an raba wa manya, janye ta zai zubar da mutuncin ofis. Na gode masa. Na fito ina lissafin inda mutuncin ofis yake da inda nawa yake.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona, kuma ba mai tsada ba ne.

Ka turo a sake ɗibar ƙasar gonarmu, a wurare da yawa, a zurfin da littafinku ya ce. A zo da diga, ƙarfen nan naku ba ya iya ƙasarmu. Ramuka tara ma suna nan an riga an haƙa muku kyauta. Na yi alkawari wannan karon ba zan taimaka ba. Zan tsaya nesa in harɗe hannu in bar baƙo ya yi gumi, ko da mutanen gari za su ce ba ni da tarbiyya.

Kafin sakamakon ya fito, ka ba ni takarda ko layi uku ne, da Hausa, da hatimin nan da ƙanina yake girmamawa, mai cewa jan da ke kan gonarmu daga samfuri ɗaya ne kuma ba a tabbatar ba. Ba sabon abu na ce ka ƙirƙira ba. Abin da kuka rubuta da ƙananan baƙaƙe ne nake so a rubuta da manya.

In za ku sake haska wa mutanen ƙauye taswira, ku fara gaya musu abin da launi yake nufi da abin da ba ya nufi, kuma ku bar lokacin tambaya kafin lemo.

Sannan ku gaya mana gaskiyar takin juji. In da gaske abin da ke cikin ledar nan yana cutarwa, to ba ni kaɗai nake zuba shi ba, tifofi suna ta shigowa da shi Kiru da Bebeji da nan wajenmu duk rani, muna bazawa da hannu. Wannan ne kaɗai abin gaskiya da awonku ya gano, kuma shi ne kaɗai ba ku faɗa wa kowa ba.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya kare ka daga sharrin masu kawo maka rahoto daga inuwa. Allah ya sa ka gama aiki lafiya ka karɓi fansho ba tare da ka zauna a bencin kowa ba. Allah kada ya nuna maka ranar da ɗan'uwanka zai nemi hatimi kafin ya yarda da kai.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, maƙwabta sun gama sharar gona. Mahaifiyarmu ta tsufa, idonta ya yi rauni, ba mu gaya mata zancen rabon ba. Duk shekara ita take ɓare irin masara da hannunta, ba ta yarda kowa ya taɓa, kuma ba ta taɓa tambayar kowa lokaci ba. Bana ta ga gidan ya yi shiru, shekaranjiya ta sa aka sauko mata da damin irin daga rataya, ta ajiye a gabanta, ta kira ni ta ce ta fara ɓarewa ko ta dakata. Na ce ta ɗan dakata, muna jiran Darakta. Sai ta ce:

"Ɗan gidan wa ne shi, da za a jira shi kafin a yi shuka?"

Ranka ya daɗe, damin irin yana nan a gabanta, ba a ɓare ba.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Garba Tela,
daga tsakiyar jan.